Ganye Ya Yi Yawa, Ina 'Ya'yan?

Duk ranar Lahadi da yamma, in ka buɗe Facebook ko ka leƙa sitatus ɗin WhatsApp na matasanmu Kirista, sai ka ce an gama gyara duniya. Ga hoton ankon kwaya, ga bidiyon fasto yana zufa a kan mumbari, ga aya da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashinta an jera "Amin" har ka gaji da ja. To amma ka dawo ranar Talata, lokacin da wata rigimar siyasa ko ta ƙabila ko ta addini ta taso. Yatsun da suka rubuta "Amin" su ne ke zagin iyayen wani, su ne ke tura hoton gawar da ba a ma san ƙasar da aka ɗauke shi ba. 'Yan uwana matasa, mu tambayi kanmu tsakani da Allah: girma muke yi cikin bangaskiya, ko dai ganye kawai muke tarawa?

Duk wanda ya taɓa noman tumatir ya san abin da ke faruwa in aka cika masa takin yuriya. Zai yi kore shar, ya yi duhu, mai wucewa ya yi ta yaba gonar, ranar ɗiba kuwa kwando ya koma gida rabi. Ƙarfin shukar duk ya tafi ga ganye. Haka rayuwar ruhaniya ta da yawa daga cikinmu take. Muna taron farkawa, muna kwanan addu'a, muna bin masu wa'azi goma a TikTok, amma halinmu na bara shi ne na bana.

Yesu ya ba da misali mai kama da wannan a Luka sura 13. Wani mutum yana da itacen ɓaure a gonarsa, shekara uku yana zuwa neman 'ya'ya bai samu ba, har ya ce a sare shi. Mai kula da gonar ya roƙa a ƙara masa shekara ɗaya ya yi masa kaftu ya zuba taki. Abu biyu ke cikin labarin, kuma mun fi son jin na farkon: akwai haƙuri, an ƙara lokaci. Na biyun shi ne, mai gona bai zo ƙirga ganye ba.

To mene ne 'ya'yan? Manzo Bulus ya lissafa abubuwa tara a Galatiyawa sura 5, ya fara da ƙauna ya ƙare da kamunkai. Ka je ka karanta da kanka. Babu yawan mabiya a ciki, babu zaƙin murya, babu sabuwar mota. Dukansu hali ne, kuma kusan dukansu sai da wani mutum a gabanka ake gane su. Ba a yin haƙuri da bango. Shi ya sa mutum bai isa ya auna girmansa shi kaɗai ba, kamar yadda mangwaro ba ya shan 'ya'yansa. In kana son sanin inda ka kai, tambayi ƙaninka da kake aike da tsawa. Tambayi mai shagon unguwa da ke bin ka bashi tun Kirsimeti, kana sauya hanya don kada ku haɗu. 'Yar uwa, tambayi ƙawarki da kika baza sirrinta a gurup da sunan "mu sa ta a addu'a". Tambayi maƙwabcinka Musulmi ko yana samun sauƙin zama kusa da kai. Amsarsu ta fi laik dubu gaskiya.

Akwai wani abu kuma game da mangwaro. A ƙasarmu yana fure cikin hunturu, ya nuna cikin bazara, lokacin da zafi ya kai maƙura, ciyawa ta bushe, rijiyoyi suka ja baya. Halin Kirista ma a irin wannan lokacin ake ganinsa. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta fara ne da sujada a gindin wata tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris, 1923, kuma tun asali koyarwarta ita ce zaman salama da ƙin ramuwa. Faɗin haka da sauƙi ne lokacin da babu mai taɓa ka. A 2014 aka sace 'yan matan Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ikkilisiya. A watan Oktoba na shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, dubban membobinta suka zama 'yan gudun hijira. Duk da haka ikkilisiyar ba ta sauya koyarwarta ba. Wani ma'aikacinta ma shi ya jagoranci kafa matsuguni a Gurku, jihar Nasarawa, inda Kirista da Musulmi da rikicin ya koro suke zaune tare. Irin da aka shuka shekara casa'in kafin nan ne ya nuna a tsakiyar zafi.

Ko ka dubi Fasto James Wuye na Kaduna. Ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, lokacin yana jagorantar matasa masu faɗa. A 1995 ya haɗu da Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma ya rasa 'yan uwa da malaminsa a rikicin, suka fara aikin sulhu tare. Wuye da bakinsa ya sha faɗin cewa ƙiyayyar ba ta fita daga zuciyarsa nan take ba, sai da ta ɗauki shekaru. Wannan ya kamata ya kwantar wa mai fama da wani hali hankali. Girma na gaske a hankali yake zuwa, ba kamar kunna data ba.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ban ce saka aya a shafi laifi ba ne. Akwai wanda ayar da ka saka ta tsamo shi daga baƙin ciki. Ban kuma ce kyawawan ayyuka ke sayen ceto ba. Itace ba ya yin 'ya'ya don ya rayu, yana yi ne don yana da rai. Damuwata ita ce mun mayar da hankali kan abin da ake iya ɗauka a hoto, saiwa kuwa a ƙasa take, babu mai yi mata laik.

Ga abin da nake ganin zai taimaka. Na farko, ka bar tsintar aya ɗaiɗai, ka ɗauki littafi guda ka karanta daga farko zuwa ƙarshe. Wasiƙar Yaƙubu sura 5 ce kacal, kuma sura ta 3 tana magana a kan harshe. A zamaninmu ka haɗa da babban yatsa. Bisharar Markus sura 16 ce, sura ɗaya a rana ba za ta kai ka mako uku ba.

Na biyu, ka dasa kanka a wuri ɗaya. Shukar da ake tumɓukewa kowane mako ba ta kama ƙasa. Mai wa'azin intanet bai san sunanka ba, ba zai tambaye ka dalilin da ya sa ba ka gaida mahaifinka ba. Wani ma lambar asusu kawai zai turo ya ce ka "shuka iri". Kana buƙatar dattijo ko shugaban zumuntar matasa da ya san ka, wanda zai iya ce maka ka yi kuskure, kai kuma ka saurara.

Na uku, ka yarda a yi maka aski. A Yahaya sura 15, reshen da ke ba da 'ya'ya ma ana datse shi don ya ƙara bayarwa. Wataƙila naka askin shi ne fita daga gurup ɗin da kullum ke hura maka wutar ƙiyayya, ko goge manhajar caca, ko biyan bashin nan, ko kiran wanda kuka yi shekara ba ku magana.

Lahadi mai zuwa ka saka hotonka, babu mai hana ka. Amma kafin nan akwai Litinin zuwa Asabar, kuma mutanen gidanku da na unguwarku ne za su fara ɗanɗana abin da ka haifa.