Ra'ayinmu: Kada A Raba Gero Da Wake

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da damina ya ga yadda manoma ke shuka wake a tsakanin layukan gero, wasu su ƙara da yakuwa a bakin iyaka. Wasu 'yan kasuwa na ganin wannan aikin dā ne, har suna ba manomi bashi da sharaɗin ya cika gonarsa da wake zalla, tunda shi ke da farashi a Dawanau. Mu dai ba mu goyi bayan haka ba.

Saiwar wake tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, abin da gero ke buƙata a wannan zamani na tsadar taki. Ganyensa yana rufe ƙasa, danshi ya daɗe. Bayan girbi ga harawa, wadda ku da kanku kuke saye da tsada in ragunan Layya sun matso. In ruwa ya ɗauke da wuri ko tsutsa ta cinye furen wake, manomi yana da damin gero a rumbu. Ba mu manta da 2005 ba, lokacin da fari da fara suka sa tiyar hatsi ta gagari talaka a Nijar.

Haka kuma da aka rufe iyaka a 2019 da 2023, kaya sun yi kwantai. Mai wake zalla da me zai ci tuwo, balle ya biya bashinku?

Muna kira ga 'yan kasuwar Dan Isa, Konni, Illela da Maigatari: ku ba da bashi, amma ku bar manomi ya tsara gonarsa yadda ya saba.