Wuyan Dashen Haƙori da Dasashi: Wasiƙa a Buɗe ga Masu Aikin Haƙori a Samaru Kataf da Kewaye

Zuwa ga likitocin haƙori da masu wanke haƙora na Samaru Kataf, Zonkwa da Kafanchan.

Dashen haƙori ƙusa ce ta titaniyam da ake kafawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a ɗaura mata wuya, a ɗora haƙorin a kai. Likitan nan na Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano cewa ƙashi na kama titaniyam kamar nasa, ya kuma yi wa mutum na farko dashe a 1965. Daga nan hankali ya karkata ga ƙashi, alhali inda lalacewa ta fi farawa shi ne wuyan da ya ratsa dasashi ya fito cikin baki.

A haƙorin asali, zaren nama na fitowa daga dasashi ya cusa kai cikin saiwa, kamar turke a ƙasa. A dashe ba haka ba ne. Binciken Berglundh da Lindhe na 1991 ya nuna zaren yana kwanciya ne a gefen ƙarfen ba tare da ya shige shi ba. Abin da ke tsare ƙashi shi ne tantani mai tsawon kimanin milimita 2 da ke manne da ƙarfen, sai nama na milimita 1 zuwa 1.5 a ƙarƙashinsa, kuma jini bai wadace shi ba. Ƙyauren da ke tsakanin miyau da ƙashi ke nan, kuma ba shi da sakata.

Saboda haka fuskar ƙarfen ta kasu biyu. Ɓangaren da ke cikin ƙashi ana fesa masa yashi a jiƙa shi da asid don ya yi kaushi, ƙashi ya sami abin kamawa. Wuya kuwa sulɓi yake so. Ƙwayoyin tantanin dasashi sun fi bazuwa da mannewa a fuska mai santsi, ƙwayoyin cuta kuma sun fi samun maɓoya a mai kaushi. Bollen da Quirynen na Jami'ar Leuven sun sa iyaka a maikuromita 0.2: kaushin da ya haura haka yana tara datti, wanda ya gaza haka ba ya ƙara rage shi. Gogewar da ta wuce kima ma tana iya hana nama riƙo. Wasu kamfanoni na zana siraran layuka da hasken leza a wuyan, irin Laser-Lok, domin ƙwayoyin nama kan bi tsagi su jeru. Dabara ce mai kyau, amma idan dasashi ya janye tsagin ya bayyana, ya zama matattarar datti.

Irin kayan ma yana da tasiri. Gwajin Abrahamsson na 1998 ya nuna nama ya manne da titaniyam da tangaran na alumina, ya kasa mannewa yadda ya kamata da zinariya da tangaran ɗin haƙori. Zakoniya, fara mai ƙarfi, tana samun karɓuwa a haƙoran gaba saboda ba ta dusasa launin dasashi. Abrahamsson ɗin ya kuma nuna a 1997 cewa yawan kwance wuya da mayarwa yana yaga mannewar, nama da ƙashi su ja baya.

A nan ne nauyi ya hau kan ma'aikacin ƙauye. Galibi a Kaduna, Jos ko Abuja ake yin dashen, mai shi ya dawo gida, wankin shekara da shekaru ya faɗo hannun wanda bai ga ranar dashen ba. Ƙarfen kankare dattin haƙori ya fi titaniyam tauri. Ja ɗaya a wuyan dashe ya isa ya bar tsagin da ido ba ya gani, kuma ba ya gyaruwa a cikin baki. Abin takaici ne aikin da mutum ya sayar da amfanin gonarsa na citta ya biya ya lalace da kyakkyawar niyya. Ya kamata a tambayi kowane majiyyaci ko yana da dashe kafin a ɗauki ƙarfe, a yi amfani da makankarin roba ko na titaniyam, a auna zurfin dasashi da hannu mara nauyi. A guji maganin fuloraid mai tsami, domin yana cin fatar titaniyam.

Wuyan da ya fito daga ɗakin ƙera haƙori yana ɗauke da maiƙo da ƙurar gogewa, balle a lokacin hunturu. Sai an wanke shi an turara kafin ya taɓa nama, kuma ba a riƙe shi da safar da ta taɓa miyau. Simintin da ya maƙale ƙarƙashin dasashi bayan ɗora haƙori yana cikin manyan dalilan kumburi. A bi shi da zare har ya fita.

Majiyyaci kuma a gaya masa ya bar goge wurin da gawayi ko toka, ya sassauta aswaki, ya nemi buroshi mai laushi. Mai shan taba da mai ciwon suga a riƙa ganinsu akai-akai. Jini yayin aunawa kumburin nama ne, yana warkewa idan an tsaftace da wuri. Idan ya zo da mugunya ko zurfin ya ƙaru, a ɗauki hoton ƙashi, a mayar da majiyyacin wurin wanda ya yi dashen.