Kyamarar Aljihu Ce Ta Dace da Hanyar Nahuce

Matashin da ke son ɗaukar gajerun bidiyo don sayarwa a Shutterstock, Pond5 ko Adobe Stock yakan fara da burin babbar kyamara mai dogon baki. A Zamfara wannan kuskure ne. Duk wanda ya rataya irinta a hanyar Gusau zuwa Nahuce, ko a kasuwar Tsafe, ya jawo wa kansa idanu. Jami'in tsaro zai tuhume shi, mai kai wa 'yan bindiga rahoto zai lura da shi, 'yan kasuwa kuma su kau da fuska.

Kyamarar aljihu ta fi, matuƙar tana ɗaukar 4K, hotonta ba ya rawa, kuma tana jure rana. DJI Osmo Pocket 3, wadda ta fito a 2023, nauyinta giram 179 ne, kuma kanta na daidaita hoto ko ana tafiya, sai dai ba a yi ta don ƙurar hunturu ba. Sony ZV-1 ta 2020 tana da matatar haske a cikinta mai rage kaifin ranar bazara, amma batirinta ba ya jimawa, dole a riƙe na ajiya.

Saura izini, wanda ba a saye a shago. Waɗannan kamfanoni ba sa karɓar fuskar mutum don talla sai da sa hannunsa.

Duniya ta fi sanin Zamfara da labarin garkuwa da mutane. Dutsen Kwatarkwashi da gonakin Bungudu a damina sun cancanci a gan su, amma sai mai ɗaukarsu ya koma gida lafiya.