Garinmu Na Bukatar Makarantar Kiɗa Mai Rahusa

A wannan makon ina so mu tattauna kan wani abu da da yawanmu za su ɗauka wasa ne, alhali ni ina ganin asara ce muke tafkawa muna kallo. Maganar ita ce koyon kayan kiɗa. Ra'ayina shi ne garinmu na bukatar wurin da yaro da babba, mai hali da marar hali, za su iya zuwa su koyi kalangu ko goge ko sarewa a kan kuɗi kaɗan, kuma makarantarmu za ta iya zama mafarin wannan wuri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani dattijo da ke unguwarmu. Mai goge ne, ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Da hannunsa yake haɗa gogensa: ya samu ƙoƙo, ya rufe shi da fatar guza, ya ɗaura tsirkiya ta izgar doki. 'Ya'yansa maza uku ne, kuma babu wanda ya karɓi sana'ar. Ɗaya yana tuƙa Keke Napep, ɗaya yana gyaran waya a kasuwa, ƙaramin yana karatu. Ban ga laifinsu ba, kowa da abin da Allah ya hore masa. Ranar da na ce masa, "Baba, ina so in koya," sai ya yi dariya ya ce shekara da shekaru rabon da wani ya yi masa wannan tambayar. Yanzu idanunsa sun fara rauni. Duk ranar da ya kwanta dama, abin da ke cikin kansa da yatsunsa zai tafi tare da shi, domin babu littafin da aka rubuta shi a ciki.

Irin wannan ta kusa faruwa a maƙwabtanmu. Mutanen Buduma, masunta na Tafkin Chadi, suna da wani abin kiɗa mai tsirkiya 5 da ake kira biram, wanda siffarsa ta yi kama da kwalekwale. An kai lokacin da gwani ɗaya tak ya rage da ya iya kaɗa shi, wani tsoho mai suna Bukar Tar. A shekarar 2002, Malam Mamman Barka, mawaƙin Nijar wanda asalinsa malamin makaranta ne, ya samu tallafin UNESCO ya tafi wurin tsohon ya zauna ya koya. Tsohon ya ba shi biram ɗinsa, kuma daga baya ya rasu. Malam Barka ya kai wannan kiɗa har ƙasashen Turai kafin shi ma ya rasu a 2018. Da bai yi wannan tafiya ba, da sai dai a ga biram a rataye a gidan tarihi. Shi Malam Barka ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, wadda aka kafa a 1989, inda ake koyarwa kuma ake adana kayan kiɗan gargajiya. Ke nan a ƙasar da muke yare ɗaya da al'ada ɗaya da ita, an daɗe da gane cewa gado kaɗai ba zai riƙe kiɗa ba.

Wani zai ce ai makarantar kiɗa sai masu kuɗi. Tarihi bai nuna haka ba. A birnin Filadelfiya na Amurka akwai wata makaranta mai suna Settlement Music School. A 1908 wasu 'yan mata biyu masu aikin sa kai, Jeanette Selig Frank da Blanche Wolf Kohn, suka fara koya wa 'ya'yan baƙin haure fiyano a kan santi 5 kowane darasi. Yau makarantar ta haura shekara 100, tana da rassa da dama, tana karɓar ƙananan yara da manya har da tsofaffi, kuma tana rage wa iyali kuɗin makaranta gwargwadon abin da suke samu. A Benezuwela kuwa, José Antonio Abreu ya fara da matasa 11 a wani garejin ajiye motoci a 1975. Shirin nasa, El Sistema, ya bazu a faɗin ƙasar yana koya wa yara kiɗa kyauta, kuma daga cikinsa ne Gustavo Dudamel ya fito, wanda ya zama jagoran babbar ƙungiyar makaɗa ta Los Angeles. A nan gida ma akwai MUSON a Legas, wadda aka kafa a 1983, tana da makarantar kiɗa a Onikan. Abin lura shi ne na Filadelfiya da na Benezuwela duk sun fara ne da ɗaki ɗaya da mutane kaɗan. Mu ma muna da ɗakin. Azuzuwanmu a kulle suke tun daga yammacin Juma'a har safiyar Litinin.

Ga yadda nake ganin abin zai yiwu. A ware aji ɗaya ko biyu kowace Asabar da safe. A nemo malamai 3 daga cikin makaɗan gari: mai kalangu, mai goge ko gurmi, da mace mai kiɗan ƙwarya da shantu wadda za ta koyar da mata a ajinsu daban. A ɗauki masu koyo 30. Mutum 20 su riƙa biyan naira 500 kowane zama, manya 5 masu albashi ko sana'a su biya naira 1,000, sauran 5 kuma, marayu da waɗanda iyayensu ba su da hali, su shiga kyauta. Kowace Asabar an tara naira 15,000 ke nan, a wata naira 60,000. A ba kowane malami naira 15,000 a wata, ragowar naira 15,000 a ajiye don sayen fata da tsirkiya da gyaran abin da ya lalace. Kuɗin ba su da yawa, na sani, amma ga dattijon da ke zaune a ƙofar gida ba mai kiransa biki, wannan alheri ne, ga kuma mutuncin a kira shi malam. Kayan kiɗan su zama na makaranta, a riƙa ba da aronsu kamar yadda ake aron littafi a laburare, a rubuta suna a mayar. Wasu ma ba sai an saya ba. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya da kuntigi, wanda ba komai ba ne illa gwangwanin kifi da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Sarewa kuwa da kara ake yin ta.

Me ya sa na dage a kan a haɗa da manya? Dalili na farko, kuɗinsu ne zai ɗauki nauyin yaran da ba za su iya biya ba. Na biyu kuma ya fi wannan girma. A ƙasar Hausa an daɗe ana kallon makaɗi a matsayin maroƙi, mutumin da ba a son ba shi aure. Ranar da aka ga malamin makaranta mai ritaya ko ma'aikaciyar asibiti sun zauna a benci ɗaya da ɗan aji biyu suna koyon yadda ake riƙe makaɗi, wannan kallo zai fara sauyawa. Gemu ba ya hana ilimi. Kuma mu tuna Alhaji Mamman Shata bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ba, amma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Yau ɗalibai a jami'o'i suna rubuta kundin digiri a kan waƙoƙinsa da na Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Barmani Choge. Abin mamaki ne mu riƙa nazarin waƙoƙin a takarda, mu bar kayan da aka kaɗa su da su suna ɓacewa.

Na san akwai masu ja, kuma maganarsu abin saurare ce. Wasu malamanmu za su ce kiɗa zai ɗauke mana hankali daga karatu, ga WAEC da NECO a gaba. Amsata ita ce awa biyu ne a mako, ranar da ba a shiga aji, kuma a rufe ajin a makonnin jarrabawa. Duk wanda sakamakonsa ya faɗi a dakatar da shi sai ya gyara. Ban da haka, kiɗan da kansa karatu ne. A darasin Fiziks an koya mana cewa idan aka ƙara ɗaure tsirkiya ko aka gajarta ta, sautinta yakan ƙara tashi sama. Mun haddace wannan don jarrabawa, mai goge kuwa yana aikata shi da yatsunsa kullum. A darasin Hausa mun sha wahalar karin sauti, yadda "wuya" na jiki ya bambanta da "wuya" ta wahala. Mai kalangu yana matse tsirkiyoyin a hammatarsa ko ya sassauta, fatar ta ɗaure ko ta saki, sautin ya hau ko ya sauka yana bin karin maganar Hausa, shi ya sa ake cewa kalangu yana magana. Wanda ya taɓa matsa kalangu da kansa zai yi wuya ya sake rikicewa a wannan darasi.

Wasu iyaye kuma ba sa son 'ya'yansu su kusanci kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, ko saboda abubuwan da suke gani a wasu wuraren biki. Wannan haƙƙinsu ne, kuma bai kamata a yi musu gardama ba. Shi ya sa ajin zai zama na ganin dama. Babu ɗalibin da za a ɗauka sai da takardar amincewar mahaifi ko mai riƙo. A yi shi da rana, a cikin makaranta, ƙarƙashin kulawar malami, a tashi kafin azahar. Babu roƙo, babu liƙi, babu zambo ko habaici ga kowa. Ni a ganina yaron da ke son kiɗa zai neme shi ko ta wace hanya, kuma gara ya same shi a gaban dattijo da malami da ya same shi shi kaɗai a waya da tsakar dare.

Akwai kuma abokaina da ke cewa zamani ya wuce wannan, yanzu da kwamfuta ake haɗa kiɗa a situdiyo. Gaskiya ne, kuma ba na ƙin situdiyo. Sai dai ku saurari waƙoƙin finafinanmu da kyau, za ku ji yadda kiɗan da yawansu ya zama iri ɗaya, domin daga na'ura ɗaya ake ciro shi. Matashin da ya iya kwamfuta kuma ya iya gurmi ko kalangu yana da abin da sauran ba su da shi, kuma shi za a riƙa nema.

Saboda haka ina roƙon shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su sa wannan batu a zamansu na gaba, a gwada shi ko da na zango ɗaya ne, a ga abin da zai haifar. Ku kuma 'yan uwana ɗalibai, ga aikin da ba ya bukatar izinin kowa: a wannan hutun ƙarshen mako kowa ya tambaya a gida ko a unguwa, wa ya iya wani abin kiɗa na gargajiya, kuma wa yake koya a wurinsa? Ku rubuto abin da kuka samo ku jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida, za mu haɗa mu liƙa a wannan allo. Wanda bai yarda da ra'ayina ba shi ma ya rubuto, fili a buɗe yake. Ni dai na riga na yi wa Baba mai goge alkawarin zuwa ranar Asabar, bayan mahaifina ya amince. Allah ya ba mu sa'a, ya ƙara wa malamanmu lafiya.