Aiki A Gida Da Zuwa Ofis: Kwana Nawa Ya Kamata?

Ya ku malamai da fatake, ga wata mas'ala da ta ɗaure wa masu kamfanoni kai tun annobar korona ta 2020, sa'ad da aka ce kowane ma'aikaci ya zauna gidansa ya yi aiki da kwamfuta da tarho. Annoba ta wuce, gardama ba ta wuce ba. Waɗansu suka ce a koma ofis kullum, waɗansu suka ce a rufe ofis ɗungum. A ganinmu dukansu biyu sun wuce makaɗi da rawa.

Hujja ta fito daga birnin Shanghai na ƙasar Sin. A 2010 wani kamfani mai sayar da tikitin jirgi da kama wa matafiya masauki, sunansa Ctrip, ya yi gwaji tare da Nicholas Bloom, malami a jami'ar Stanford ta Amurka. Aka ɗauki masu amsa tarho 249, aka raba su biyu bisa ƙuri'a. Kashi ɗaya suka yi wata tara suna aiki kwana huɗu a gida, kwana ɗaya a ofis. Aikinsu ya ƙaru da 13 cikin ɗari, masu barin aiki kuwa suka ragu da rabi.

To, amma ga abin mamaki. Da aka gama gwajin aka ba su zaɓi, wajen rabinsu suka ce ofis za su koma, galibi domin kaɗaici ya dame su. Ƙarin girma kuma ya yi musu wuya, ko da ya ke sun fi 'yan'uwansu aiki. Duk attajirin da ya taɓa aika yaronsa sayen goro Kurmi ya san dalili. Yaron da ke zaure shi maigida ke gani, shi kuma ya kan fara tunawa ran da za a ba da jari.

A 2021 kamfanin, wanda ya zama Trip.com, ya sake gwaji da ma'aikata 1,612 har wata shida. Wannan karo Laraba da Jumma'a kaɗai aka yarda su zauna gida. Masu barin aiki suka ragu da sulusi, jin daɗin aiki ya ƙaru, ƙwazo bai ragu ba, ƙarin girma kuma bai tauye ba. Lalle waɗannan injiniyoyi ne da ma'aikatan kuɗi da talla, ba masu amsa tarho ba, saboda haka ba a gwada su kai da kai. Duk da haka abin ishara ne.

Abin da mu ke so a lura da shi, ranakun ofis nan sanannu ne, Litinin da Talata da Alhamis, kowa ya hallara tare. Almajiri ya kan keɓe da allonsa ya yi ta maimaici, amma sai ya zo gaban malam a lokacin da malam ke zaune kafin a gyara masa a ƙara masa. In ma'aikaci ya biya kuɗin mota ya tarar da ofis wayam, shugabansa na gida, me ya ƙaru da shi? Saboda haka mai kamfani ya yanka ranaku biyu ko uku, ya sanar da kowa, shi ma ya zo. Sabon ɗauka kuwa a ƙara masa kwana, har ya san mutane su san shi.