SHARHI: Gasar mutum-mutumin ceto da abin da lungunan Herwagana ke buƙata

A watan Yunin 2015, a garin Pomona na jihar Kalifoniya, hukumar binciken fasahar tsaro ta Amurka, DARPA, ta kammala gasar ƙera mutum-mutumin ceto. An ba kowace na'ura sa'a guda ta tuƙa mota, ta sauka, ta buɗe ƙofa, ta murɗa famfo, ta huda bango, ta ƙetare ɓaraguzai, sannan ta hau matakala. Tawagar jami'ar KAIST ta Koriya ta Kudu ce ta lashe dala miliyan 2, bayan na'urarta ta gama cikin minti 44. Amma abin da jama'a suka fi tunawa shi ne hotunan na'urori masu ɗan karen tsada suna tangaɗi, suna zubewa a bakin ƙofa.

Haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Maris 2011 shi ya haifi gasar, kuma a can darasin yake ga ma'aikacin gwamnati. Tun bayan haɗarin Tokaimura na 1999 gwamnatin Japan ta kashe kuɗi aka ƙera na'urorin shiga wurin da tururin nukiliya ya gurɓata. Kamfanonin lantarki suka ce ba sa buƙata, aka jingine su. Ranar da buƙatar ta zo, na'urorin PackBot na Amurka ne suka fara shiga ginin. Ta gida da ta bi bayansu, Quince, ta goge ne a gasar RoboCup ta ceto, wadda girgizar ƙasar Kobe ta 1995 ta zaburar. Fasaha ba ta gaza ba. Mai saye da mai kulawa aka rasa.

Da wannan ma'auni ya kamata a dubi unguwa irin Herwagana a tsakiyar birnin Gombe. Ruwan sama na gangarowa daga tuddan yammacin gari zuwa tsofaffin unguwanni masu cunkoso, ta kwaruruka da magudanai da yashi da leda kan toshe. Waɗanda suka ga ambaliyar Agustan 2004 ba su manta ba. A irin waɗannan lunguna, inda motar kwana-kwana ke shan wahalar shiga, masu ceto na farko maƙwabta ne da shebur da fitilar waya. Ba wanda zai tambayi na'ura mai ƙafa biyu da ke tuƙa mota. Abin da za a tambaya shi ne ƙaramar na'ura da za ta kutsa kwalbati kafin damina ta nuna inda ya cushe, ko ma'aunin da zai busa jiniya idan ruwa ya taso a kwari da tsakar dare, ko kyamara da abin sauraro da za a zura ƙarƙashin katangar da ta rufta a ji ko akwai mai numfashi. Rushewar makaranta a Jos a Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu, da ɓallewar madatsar Alau da ta malale Maiduguri a Satumban shekarar, sun nuna cewa buƙatar ba ta Gombe kaɗai ba ce.

Cibiyoyi kuwa akwai su. A ƙarshen 2020 aka buɗe cibiyar NCAIR ta ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja, ƙarƙashin hukumar NITDA, zamanin ministan sadarwa Isa Ali Pantami, wanda shi ma ɗan Gombe ne. Ga NASENI, ga TETFund mai ɗaukar nauyin binciken jami'o'i, ga Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya a Kashere. Abin da ake yawan gani, sai dai, shi ne baje koli: ɗalibai su nuna na'ura a zauren otal mai sanyi, a miƙa babban ceki, a ɗauki hoto, a watse.

DARPA ba haka ta yi ba. Ita ta rubuta jarrabawar, ta gina fili mai kama da wurin bala'i, har ta riƙa katse sadarwa tsakanin na'ura da mai sarrafa ta da gangan, domin haka abin yake ranar masifa. A Najeriya hukumar NEMA ce ta dace ta rubuta tambayoyin, tare da hukumomin agaji na jihohi, tunda ma'aikatansu ne za su riƙe na'urar da hannunsu. A yi gwajin a magudanar gaske, cikin taɓo, a watan Agusta, babu lantarki, babu sabis. A kuma sa sharaɗin cewa mai gyaran waya a kasuwar Gombe zai iya canza batirinta da injinta.

Sashe mafi wuya na hannun masu tsara kasafi. Kyautar gasa kuɗi ne na rana ɗaya. Saye, horo da kayan gyara kuwa layi ne da dole ya dawo kowace shekara, kuma irinsa ake fara yankewa idan kuɗin ayyuka ya yi jinkirin fita. NEMA na da ofishin ayyuka a Gombe. Idan takardar gasar ta bayyana tun farko adadin na'urorin da za a saya wa ofishin, da jami'in da zai sa hannu ya karɓe su, injiniyoyi za su san wa suke ƙera wa.