DA ZAFI-ZAFI AKAN BUGI ƘARFE, AMMA KADA A NARKA SHI

Akwai wata al'ada da na ga ta yi yawa a makarantunmu, ina so in ja hankalin malamai a kanta. Ran da za a yi gasar ƙwallo ko tsere, sai malami ya tara yara ya yi ta yi musu tsawa, har ya ce wanda ya jawo wa makaranta kunya zai sha bulala. A ganinsa zuga su yake yi. Ni kuwa na ce ɓata su yake yi.

Ba na musun cewa ɗan wasa yana bukatar tsuma. Kowa ya san ɗan dambe ba ya shiga fage da sanyin jiki, sai makaɗi ya taɓa masa takensa. Amma tsuma tana da iyaka. A 1908 waɗansu masana biyu na Amurka, Yerkes da Dodson, suka jarraba ɓeraye da ɗan jan lantarki. Suka ga in aikin mai sauƙi ne, ƙarin zafi yakan sa su koya da sauri. In kuwa mai wuya ne, matsakaicin zafi ya fi, in ya wuce haka sai su rikice. Daga baya masu nazarin wasanni suka ga haka abin yake ga mutum: in fargaba ta yi yawa sai tsoka ta ɗaure, numfashi ya gajarce, hankali ya rabu.

Ku dubi Roberto Baggio na Italiya, gwani na gaske. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 1994, tsakaninsu da Brazil, ya buga fanareti ta bi ta saman raga. To, in haka ta sami gwani, ina ga yaron firamare da bulala ke jiransa?

Saboda haka malami ya san yaransa ɗaya ɗaya. Mai jan igiya a zuga shi, gama aikinsa na ƙarfi ne. Mai tsaron gida da mai bugun fanareti kuwa a kwantar musu da hankali, a ce su ja numfashi a hankali. Bulala dai a bar ta a gida.

Maƙeri ya san ƙarfe mai sanyi ba ya buguwa, wanda ya narke kuma ba ya zama fartanya. Allah ya sa mu gane, amin.